SAURI KAN HAIFI NAWA: WA YA ZAƁA MAKA BURAUZAR DA KE CIKIN WAYARKA?



Yau maganarmu kan wani abu ce da kowa ke taɓawa sau goma, sau ashirin a wuni, amma da wuya ka ji mai tambayar asalinsa. Burauza nike nufi, wadda ƴan lakkwal ke ce wa nabigater. Ita ce manhajar da ke buɗe maka shafukan intanet: Chrome, Opera Mini, Phoenix, Firefox, UC Browser da ire-irensu. In aka turo maka adireshi a WhatsApp ka latsa, ita ke buɗe shi. In ɗalibi zai duba sakamakon jarabawa, ko zai cika takardun shiga jami'a, ta cikinta zai bi. In ɗan kasuwa zai duba farashin kaya ko canjin naira da sefa, ta nan zai leƙa. Ita ce ƙofar gidan, duk mai shiga da mai fita sai ya ratsa ta.

Matsayina a fili yake, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Mafi yawanmu ba mu zaɓi burauzar da muke aiki da ita ba, zaɓa mana aka yi. Ƴan kaɗan da ke cewa su suka zaɓa da kansu, da ma'aunin sauri suka auna, alhali shi ne ma'aunin da ya fi kowane yaudara. Masu kashe maganar da cewa "ai kowa da son ransa" kuwa, gudun tunani kawai suke yi. A wannan sakacin ake cinye mana forfe, ake kwashe bayananmu, wani lokaci har kuɗin aljihu.

MAGANAR SAURI

Zauna a kowace fada ta matasa, daga Zariya ta Maradi har Sabon Gari ta Damagaram, ka tayar da wannan zance kafin shayin farko ya nuna. Wani zai ce tashi ta fi gudu, wani ya ce ƙarya ne, tashi kamar walƙiya take. Za a yi ta musu har a sha na ukku, ba wanda ya kawo hujja sai "ni dai na gwada". To malam, mi ka gwada? Wayarka daban, tashi daban. Layinka daban, nashi daban. Kai kana kusa da eriya, shi gidansu na bayan gari. Kai da asuba ka gwada, shi da magariba lokacin da kowa ya hau rezo.

Ga abin da masu musun ba su sani ba. Chrome, Edge, Opera, Brave da Samsung Internet duk a kan gindi ɗaya aka gina su, sunansa Chromium, kuma kamfanin Google ne ke jan ragamarsa. Opera ta ajiye nata injin ta koma kansa a 2013. Microsoft ma ta yi haka da Edge a farkon 2020. Manyan da suka rage da injin kansu biyu ne kacal: Firefox ta Mozilla, da Safari ta Apple. Mai iPhone a nan ƙasar kuwa, ko wace burauza ya sauke, injin Safari ne ke aiki a ƙarƙashinta, suna da riga ne kawai suka canza. Wato mutum biyu na musu kan babura biyu da inji ɗaya ke cikinsu, ɗaya an yi mashi jan fenti, ɗaya shuɗi, kowa na rantsuwa nashi ya fi gudu.

Abin da ke sa shafi ya yi nawa a wayoyinmu abu ukku ne. Na farko ƙarfin rezo a inda kake tsaye. Na biyu ƙarfin wayar kanta: waya mai ƙwaƙwalwar aiki jiga 1 ko 2, in ka bar shafuka talatin a buɗe, ga Facebook, ga TikTok, ga WhatsApp duk suna aiki a bayan fage, ko wace burauza ka sa mata sai ta yi nishi. Na ukku nauyin shafin, kuma a nan ne maganar take. Rubutun labarin da ka je karantawa bai da nauyi. Abin da ke da nauyi shi ne tarkacen da aka ɗora mashi: hotunan talla, bidiyon da ke tashi da kansa ba ka kira shi ba, da ƙananan manhajojin leƙen asiri da ke lissafa inda ka fito da inda za ka. Duk wannan kai ke biyan kuɗin saukarsa da megarka. Ka sayi forfe na dala ɗari don ka karanta labari, rabin kuɗin ya tafi ga tallar da ba ka nema ba.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: wace burauza ce ke hana tarkacen nan sauka? Wadda ta tare talla za ka ga ta fi gudu, don kayan da ta ɗauko sun fi sauƙi. Jakin da aka rage wa kaya ai dole ya riga ɗan uwansa isa kasuwa.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Ba wanda ya taɓa biyan ko tamma don ya sauke Chrome ko Opera Mini. To injiniyoyin da ke aikinsu dare da rana, wa ke biyansu? Ruwa ba ya tsami banza.

A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana a gaban kotu cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba, ga masu ƙera wayoyi, kamfanonin sadarwa da masu burauza, don kawai injin bincikensa ya zama shi ne ke fitowa da kansa in ka kunna waya. In ka juya kuɗin nan zuwa sefa, sun ninka kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara fiye da sau huɗu. Kamfanin Apple shi kaɗai ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Ku tsaya ku yi tunani. Mi zai sa kamfani ya zubar da irin wanga kuɗi don ya zama "abin da ka tarar a cikin waya"? Don ya san halin ɗan Adam: abin da mutum ya tarar, da shi yake zama. Ba ya canzawa. Lalacinmu na shiga saiti mu canza abu ɗaya, shi ne hajar da ake ciniki a kanta da biliyoyin daloli. Kai kuma kana zaune a fada kana cewa "ni na zaɓi tawa". Ba ka zaɓa ba, ɗan uwa. An gama ciniki a kanka tun wayar na cikin kwali.

Kuma kada wani ya ce ina tallar Firefox. Ita ma Mozilla mafi yawan kuɗin shigarta daga wannan yarjejeniya da Google yake fitowa. Babu waliyyi a kasuwar nan. Akwai dai wanda ya fi wani rangwame, kuma aikinmu shi ne mu gane wane ne.

A YI WA OPERA MINI ADALCI

Duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia a shekarun baya ya san alherin Opera Mini. Tun 2006 da ta bazu a duniya, ita ce ta buɗe wa talakan Afirka intanet lokacin da rezo ke rarrafe. Dabararta mai sauƙin fahimta ce: in ka nemi shafi, ba kai tsaye yake zo maka ba. Sai ya fara biyawa ta manyan kwamfutocin kamfanin, su matse shi, su rage hotuna, sannan su miƙo maka ɗan abin da ya saura. Kamfanin na cewa ragin na iya kai kashi 90 cikin ɗari. Ga mutumin ƙauye da sanda ɗaya ta rezo ke zuwa tana tafiya, wannan taimako ne na gaske, kuma ba zan musa ba.

Amma araha ba ta ado. In ka sa ta a matakin tsimi mafi tsanani, wanda suke kira Extreme, kwamfutar kamfanin ce ke buɗe shafin a madadinka. Ma'ana duk abin da ka rubuta, har kalmar sirri, ta hannunsu yake bi kafin ya isa inda ka aika. Kamar ka ba yaron mota wasiƙa, ya buɗe ta a hanya, ya taƙaita ta, sannan ya kai. Ko da yaron mai amana ne, wasiƙar kuɗi ba a aika ta haka. Kuma shafuka da dama na zamani, musamman masu fom na cikawa, ba sa aiki daidai a wannan mataki. Ɗalibi zai cika fom ɗin rajista, ya latsa aikawa, shafin ya tsaya cik, ya yi ta zagin jami'a, alhali matsalar na cikin wayarsa.

Sannan mutane da yawa har yau suna ɗauka Opera ta ƴan Norway ce kamar da. Hedikwatarta na can birnin Oslo, gaskiya ne, amma tun 2016 wasu kamfanonin Sin suka saye ta. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin shi ne mutum ya miƙa sirrinsa ga wanda bai ma san ko wane ne ba.

Google ma na da irin wannan tsari na rage cin mega a Chrome ta Android. A watan Maris na 2022 suka cire shi, suka ce wai kuɗin intanet ya sauka a ƙasashe da yawa. Ku tambayi mai kabu-kabu a Tawa ko mai sayar da ƙosai a Tasawa in sun ji saukin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa masu ƙera waɗannan manhajoji ba da mu suke lissafi ba. In ba mu yi wa kanmu lissafi ba, ba mai yi mana.

UC BROWSER DA MASU TURA MANHAJA

Akwai wadda har yau ake yabo a tashoshin mota da rumfunan tura waƙoƙi saboda saurin sauke bidiyo: UC Browser, mallakar kamfanin Alibaba na ƙasar Sin. A 2015 masu bincike na cibiyar Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada sun nuna tana fitar da lambar waya ta asali, lambar layi, wurin da mutum yake da abin da ya bincika, ba tare da kariyar kirki ba. Kamfanin ya yi gyare-gyare bayan haka. A watan Yuni na 2020 Indiya ta haramta ta tare da wasu manhajoji, jimilla 59. Gaskiya akwai siyasar rikicin iyaka tsakanin Indiya da Sin a cikin wannan mataki, ba zan ɓoye ba. Amma binciken 2015 ya riga rikicin da shekara biyar. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan zan juyo kan ƴan uwanmu masu gyaran waya da masu tura manhaja a kasuwanni. Sana'arku halal ce, kuma kuna taimakon jama'a ƙwarai. Amma wata ɗabi'a ta yi yawa. Dattijo ko uwar gida za su kawo sabuwar waya su ce "ɗana, sa mini abubuwan da ake sawa". Sai a buɗe Xender a juye masu manhaja ashirin daga wata waya, ciki har da burauza ukku, kowace tsohon zubi ce da ta shekara biyu ba a sabunta ba, wasu ma ba a san inda aka samo su ba. A karɓi dala arba'in, a ce an gama.

Wannan ba taimako ba ne. Burauza ita ce manhajar da ta fi kowace cin karo da mugayen shafuka, shi ya sa masu ita ke fitar da sabon zubi kusan kowane wata don toshe ɓarakar da aka gano. Wadda ba ta sabuntuwa kamar ƙofar da ɓarayin unguwa duka suka san sakatarta ta lalace ce. Tsohuwar da ta ba ka wayarta, amana ta ba ka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mashi aski. Sauke mata guda ɗaya mai kyau daga Play Store, ka nuna mata inda ake sabuntawa, ka goge sauran.

BURAUZA KO GIDAN TALLA?

Wasu burauzoji, musamman irin waɗanda ake tararwa cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi, in ka buɗe su ba ka ganin wurin bincike sai ka ratsa kasuwa guda: labaran ƙarya masu kanun tada hankali, hotunan mata rabin tsirara, tallar caca ta ƙwallo, da sanarwar da ke faɗowa saman waya ko tsakar dare. Masu Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun jama'armu, su buɗe burauzar da suka tarar a ciki su duba shafin farko da idon basira. Kowane hoto da ke wurin da megarka ya sauka. Kuma wayar nan ita ce kake miƙa wa ɗanka ɗan shekara tara ya yi wasa, ita ce uwar gida ke ba ƴarta ta duba aikin makaranta.

Muna wa'azi kan tarbiyya a masallaci da rediyo, muna kukan yara sun lalace, amma ƙofar da abin ke shigowa tana aljihunmu, kuma rufe ta minti biyu ne. A cikin saitin kusan kowace burauza akwai wurin kashe labaran shafin farko da kashe sanarwa. In taka ba ta yarda a kashe ba, to ta gaya maka ko wa take yi wa aiki.

Haka nan shafukan da ke tambayarka izinin turo sanarwa. Mutum bai karanta ba sai ya latsa "Autoriser". Gobe sai ga saƙo da jan rubutu: wayarka ta kamu da cuta, latsa nan. Ko kuma: ka ci kyautar jiga hamsin, sa lambarka da lambar sirrinka. Ba wata cuta, ba wata kyauta. Ɗan damfara ne ka buɗe wa taga da hannunka. Chrome, Firefox da Safari na da tsarin gargaɗi da ke nuna jan shafi in za ka faɗa sanannen shafin damfara. Ba ya kama duka, amma ya fi babu, kuma tsohuwar burauzar da aka juyo maka ta Xender ba lalle ta yi maka ko wannan ba.

Wani kuskuren da ya yaɗu: wai in ka ga alamar kwaɗo kusa da adireshi, shafin na gaskiya ne. A'a. Kwaɗon na nufin hanyar da ke tsakaninka da shafin a rufe take, ba mai leƙe a tsakani. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma na sa wa ɗakinsa kwaɗo. Saboda wannan ruɗanin ne ma Chrome ta cire alamar a 2023. Adireshin za ka karanta harafi bayan harafi, musamman in maganar kuɗi ce.

MASU FAKEWA DA SHAFIN SIRRI

Akwai kuma masu buɗe shafin nan mai duhu, Incognito ko "navigation privée", suna jin sun sha layar zana. Abin da yake yi guda ne: ba ya ajiye tarihin inda ka shiga a cikin wayar. Ke nan matarka ko ƙanenka ba za su gani ba. Amma kamfanin layinka ya san shafin da ka nufa, mai wifi ɗin da ka hau ya sani, shafin da ka shiga ma ya gan ka. An kai Google ƙara a Amurka a 2020 kan tattara bayanan masu amfani da wannan shafi, kuma a 2024 kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanan da ya tara, ya kuma gyara bayanin da yake nuna wa mutane. Kifi na ganinka, mai jar koma.

"NI TALAKA, MI ZA A SATA GARE NI?"

Wannan ita ce amsar da na fi ji, kuma ita ce ta fi ban takaici. Kai ne ma aka fi nema. Mai kuɗi in aka kwashe mashi jika hamsin, gobe ya manta. Kai in aka kwashe jika goma daga asusun wayarka, cefanen sati ne ya tafi. In aka ƙwace Facebook ɗinka, da sunanka za a bi danginka da ke Libiya, Aljeriya, Kano ko Abijan ana cewa ba ka da lafiya a turo kuɗi. Mutuncinka da amincin da ke tsakaninka da mutane, su ne dukiyar da ake sata.

Ƙara da wannan: da yawanmu na kai waya rumfar caji in wuta ta ɗauke, ko a ƙauye inda babu ita sam. Wayar na wuni a hannun wani. In ba ka sa mata makulli ba, duk shafin da ka bari a buɗe cikin burauza, duk asusun da ka ce ta riƙe maka, a buɗe suke ga wanda ya ɗauka.

Masu cewa "kowa da son ransa" kuma, na yarda da ku a wuri ɗaya. Launi, tsarin maɓallai, ko wurin rubuta adireshi na sama ko na ƙasa, wannan son rai ne, ba mai yi maka dole. Amma son rai na zuwa ne bayan sani. Wanda ya ɗanɗani fura da kunu ya ce ya fi son fura, shi ne mai zaɓi. Wanda tun da aka haife shi abu ɗaya aka ɗura mashi, ba zai ce zaɓi ya yi ba. Kuma ba a cewa "son raina ne" a kan birkin babur.

TO WACE ZA A ƊAUKA?

Ba zan ce kowa ya bi guda ɗaya ba, don buƙatar ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko André Salifou ba ɗaya take da ta manomin da ke duba farashin wake a waya ba. Amma ga yadda nike ganin ya kamata a auna.

In babbar damuwarka mega ce, nemi mai tare talla. Brave na yin haka da kanta tun daga buɗewa. Firefox ta Android na barin ka ƙara mata uBlock Origin, abin da Chrome ta waya ba ta yarda da shi ba, kuma ba abin mamaki ba ne tunda talla ce abincin Google. Samsung Internet ma na karɓar masu tare talla.

In kana inda rezo ke da rauni sosai, riƙe Opera Mini don karanta labarai da sakamakon ƙwallo. Amma harkar kuɗi, rajista da duk inda za ka sa kalmar sirri, yi su a wata.

In Faransanci ko Ingilishi na ba ka wahala, Chrome na iya juya shafi gaba ɗaya zuwa Hausa, tunda Hausa na cikin fassarar Google tun 2013. Fassarar na tuntuɓe, wani lokaci har ta ba ka dariya, amma tana ba da gist ɗin zance ga wanda da ba zai fahimci komi ba. Yanzu da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya kamata shafukan hukuma su fara zuwa da Hausarsu, kada ɗan ƙasa ya dogara da inji don ya gane takardar gwamnatinsa.

Kowace ka ɗauka, daga Play Store ko App Store za ka sauke ta, ka bar ta tana sabuntuwa, ka kashe sanarwa, ka duba izinin da ta nema. Burauza ba ta da hurumi da lambobin mutanenka. In ta nema, hana ta. Burauza biyu sun isa kowa, ta ukku cin wuri ne kawai.

Kuma in kana son gwajin gaskiya, ga shi, ba sai an yi musu ba. Yi sati guda da ɗaya, sati guda da ɗaya, kana shiga shafukan da ka saba. Sannan ka shiga saitin waya, wurin lissafin cin intanet, ka ga mega nawa kowace ta ci. Wayar ba ta ƙarya, ba ta kuma goyon bayan kowa.

KIRA GA HUKUMA

Nauyin ba na talaka ba ne shi kaɗai. A Turai tun 2010 aka tilasta wa Microsoft nuna wa mutane jerin burauzoji su zaɓa, kuma da ta saɓa alkawari aka ci ta tarar yuro miliyan 561 a 2013. Tun Maris 2024 kuma, mai sabuwar waya a Tarayyar Turai ana nuna mashi jerin burauzoji ya zaɓi wadda yake so. Mu kasuwarmu ba ta kai tasu ƙarfi ba, na sani. Amma muna da ARCEP mai kula da sadarwa, muna da HAPDP mai kare bayanan jama'a. Ko ba su iya tanƙwara manyan kamfanoni ba, suna iya wayar da kai da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci a gidajen rediyon gari. Suna iya zama da ƙungiyoyin masu gyaran waya a koya masu abin da ya dace a sa wa mutane da abin da bai dace ba. Minti biyar a rediyo kowane mako zai tsirar da forfe da asusun mutane da yawa.

Malaman makaranta ma na da rawar takawa. Yaron da aka koya wa buɗe kwamfuta amma ba a koya mashi karanta adireshin shafi ba, an ba shi babur ne ba a nuna mashi birki ba.

Kafin hukuma ta motsa, kai motsa. Yau da dare, bayan isha'i, ɗauki wayarka ka ƙirga burauza nawa ke ciki, ka tambayi kanka wa ya sa kowace. Wadda ba ka san asalinta ba, goge ta. Wadda ba ta goguwa, kashe ta a saiti. In ka gama da taka, karɓi ta mahaifiyarka da ta maigidanka ka yi masu haka nan, don su ne ƴan damfara suka fi hari.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya sa mu dace. Wanda ke da ja kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da lissafin megarsa a hannu.